Allurar Barci a Sashen Gaggawa: Amanar Wanda Hankalinsa Ya Gushe



Akwai wani ɗan lokaci a rayuwar majinyaci da ba kasafai muke zama mu yi nazarinsa ba, duk da cewa da yawa daga cikinmu mun taɓa ratsa shi, ko muna kwance a kan gado ko muna tsaye a gefensa. Lokacin bai cika wuce minti goma sha biyar zuwa rabin awa ba. An kawo mace sashen gaggawa, wanda muka fi sani da emajensi, santsi ya kwashe ta a banɗaki kafaɗa ta goce, ko yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro hannu ya karye, ko ruwan zafi ya zubo wa yarinya a cinya ana so a wanke ƙunar. Likita ya duba ya ce aikin ba zai yiwu ido biyu ba, sai an yi allurar da za ta ɗan gusar da hankali. Daga sanda ruwan allurar nan ya shiga jiki har zuwa sanda mutum zai dawo hayyacinsa, ba shi da ikon rufe jikinsa, ba shi da ikon tsare harshensa, kuma sau da yawa ba zai tuna abin da ya gudana ba. Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: a cikin waɗannan mintoci, a hannun wa mutuncinsa yake? Kuma mene ne ya hau kanki, ke da kike tsaye kina kallo?

Wace irin allura ce wannan?

Da farko dai ya kamata mu bambance ta da barcin babbar tiyata. A babbar tiyata ana kwantar da mutum ne gaba ɗaya, sau da yawa har a zura masa bututu a maƙogwaro inji ya riƙa yi masa numfashi. Wannan da muke magana a kanta kuwa ƙanwarta ce. Ana ba da magani daidai yadda mutum zai daina jin azaba, jikinsa ya saki, amma ya ci gaba da numfashi da kansa, a gama gyaran ƙashi ko ɗinki ko farke maruru cikin ɗan lokaci, ya farfaɗo, wani ma ya koma gida a ranar.

Magungunan da ake amfani da su kowanne da halinsa. Wanda aka fi dogara da shi a ƙasashe irin namu shi ne ketamin. A Amurka aka haɗa shi a shekarar 1962, aka amince a yi wa mutane amfani da shi a 1970, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya sa likitoci ke ji da shi, yana kashe zafi sosai, ba ya cika danne numfashi, ba ya kuma saukar da bugun jini, ga shi ana iya yin sa a jijiya ko a tsoka. Sai dai wanda aka yi wa shi ba ya kama da mai barci irin wanda muka sani. Idanunsa kan kasance a buɗe suna 'yar rawa, yawu kan ƙaru a bakinsa, yakan motsa hannu ko ƙafa, alhali shi ba ya tare da ku. Uwar da ba a yi wa bayani ba idan ta ga ɗanta a haka, wallahi sai ta ɗauka rai ne ke fita.

Akwai kuma furofofol, wani farin ruwa kamar madara wanda aka ƙirƙiro a Ingila aka fara sayar da shi a 1986. Shi yana sa barci cikin ƙasa da minti guda, mutum ya farka garau bayan 'yan mintoci, amma ba ya kashe zafi, kuma yana iya saukar da jini ko ya tsayar da numfashi na ɗan lokaci. Sai dangin Valium, irin su midazolam, masu kwantar da hankali da sa mantuwa. Waɗannan duka ba magungunan kemis ba ne, ba kuma abin da za a kira wata nas maƙwabciya ta zo ta yi a ɗaki ba ne. Furofofol ɗin nan shi ne ajalin shahararren mawaƙin Amurka Michael Jackson a 2009, da aka ba shi a gida ba tare da kulawar da ta kamata ba, duk da kuɗinsa da likitansa.

Raki ne, ko rashin tawakkali?

Mu Hausawa an rene mu a kan dauriya. Yarinya tana naƙudar fari ana ce mata ta cije kada a ji muryarta, domin abin kunya ne. Mai ɗori yana jan karyayyen hannu, maza uku sun danne yaro, ana ce masa ai kai namiji ne. Saboda haka ba mamaki idan mace ta ji nauyin karɓar allurar, ko uwar mijinta ta ce, "Mu da muka haihu goma a ɗaki wa ya yi mana allura?" Wasu kuma ta fuskar addini suke kallon abin. A ajinmu na matan aure an sha yi mini tambayoyi biyu: shin wannan ba maye ba ne? Kuma shin wanda ya guje wa zafi bai rage wa kansa ladan haƙuri ba?

Masu wannan ra'ayi suna da labarin da suke kafa hujja da shi, kuma labari ne mai girma. Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar (R.A.), ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ya je wajen Halifa Walidu ɗan Abdulmalik a Sham, ciwo ya ci ƙafarsa har likitoci suka ce sai an yanke ta. Masu tarihi sun ruwaito cewa an ba shi abin da zai sha ya gusar masa da hankali ya ƙi, aka yanke ƙafar yana ido biyu yana ambaton Allah. Babu mai imanin da zai ji wannan zuciyarsa ba ta motsa ba.

Amma 'yar uwa, ki lura da abu biyu a cikin labarin. Na ɗaya, Urwatu da kansa ya zaɓa wa kansa. Ba mu ji an ce ya wajabta wa wani ba, ba mu kuma ji ya danne ƙaramin yaro ya ce a yanke shi haka don ya koyi haƙuri ba. Na biyu, malaman da suka zo bayansa sun san labarinsa sarai, amma ba su haramta maganin ba. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: akwai mai sa maye tare da nishaɗi, kamar giya, akwai mai ɓata hankali ba tare da ya kashe ji da gani ba, sai kuma mai kwantarwa, wanda ke ɗauke hankali da ji gaba ɗaya, wanda ake kira murƙid. Malam Ibnu Farhun, shi ma Bamalike, ya bayyana halaccin shayar da wannan na ukun idan za a yanke wata gaɓa, saboda cutarwar maganin an san iyakarta, ta ciwon kuwa ba a sani ba. Imamu Nawawi daga ɓangaren Shafi'iyya shi ma ya tafi a kan halacci idan buƙata ta kama. Likitocin Musulmi na da, irin su Ibnu Sina da ya rasu a 1037, sun yi rubutu a kan tsirran da ke kashe zafi da sa barci ƙarnuka da dama kafin ranar 16 ga Oktoba 1846, da aka nuna wa duniya tiyata ba tare da jin zafi ba a wani asibiti a Boston.

Bayan hukunci kuma akwai hankali. Tsokar wanda ke cikin azaba ɗaurewa take yi, likita na ja tana ja, sai kafaɗar da za ta koma cikin sauƙi ta ƙi komawa. Yaron da aka danne aka yi wa ɗinki yana ihu yakan tashi da tsoron asibiti har girmansa, gobe ko zazzaɓi yake sai ya ɓoye. Haƙuri kuwa yana da fage mai faɗi da allura ba ta taɓa shi: makonnin da za ki yi da hannu a ɗaure, kuɗin da aka kashe, girkin da wata za ta karɓar miki, daren da ciwo zai hana ki runtsawa. Duk wannan yana nan yana jiranki, ladansa ma yana nan. Idan babba mai hankali ta ce ita za ta daure, kuma likita ya ga aikin zai yiwu a haka, zaɓinta ne, a girmama shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya yi dauriya da jikin wani.

Sambatu da hukuncinsa

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna. Lokacin da ketamin ya fara sakin mutum, musamman babba, yakan shiga wani hali tsakanin mafarki da farkawa. Waɗanda suka ratsa shi sukan ce sun ji kamar sun fita daga jikinsu, ko suna yawo a sama, ko launuka na juyawa a gabansu. Wata takan ga abin daɗi ta yi ta dariya, wata ta ga abin tsoro ta yi ta kuka tana cewa ta mutu. A nan ne harshe ke kwancewa. Dattijuwa mai kamun kai sai a ji tana waƙar da ta yi tun tana budurwa. Malami sai a ji ashar a bakinsa. Mace ta kira sunan da ba na mijinta ba, ko ta ambaci kishiyarta da abin da ba ta taɓa faɗa ba. Namiji ya dubi nas ya ce zai aure ta, matarsa na tsaye.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu a nan ba. Hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum nauyi, kuma duk wadda ta zauna a Islamiyya ta san hadisin da ya yi bayanin waɗanda aka ɗauke wa alƙalami, cikinsu har da mai barci. Wanda hankalinsa ya gushe ta hanyar halal, kamar magani don larura, maganarsa ba ta hawa kansa. Ibnu Ƙudama ya ambaci cewa malamai sun haɗu a kan sakin irin wannan mutum ba ya aukuwa. Don haka idan maigida ya furta saki yana cikin allura, ki kwantar da hankalinki, aurenki na nan, kada ki tattara kaya, kada kuma ki bari wani ɗan uwa mai neman fitina ya ce ai mun ji da kunnenmu. Idan abin ya tsaya miki a rai, ku je wajen malami ko alƙali a yi muku bayani. Haka nan wanda ya furta kalmar saɓo ko ta kafirci a wannan hali ba a kama shi da ita. Abin da ke kansa idan ya farfaɗo shi ne ya sake alwala, domin gushewar hankali na warware ta, idan kuma lokacin wata salla ya fita yana ciki, ya rama ta, wannan ya fi kwanciyar rai.

To, idan Ubangijin da Ya halicci harshen nan bai rubuta maganar ba, ke wace ce da za ki rubuta ta a zuciyarki, ki ajiye, ki jira ranar faɗa ki zaro ta?

Na san abin da wata za ta ce: "Malama, ai abin da ke cikin zuciya ne ke fitowa." Mutane da yawa sun yarda da haka, kamar dai allurar mabuɗi ce ta akwatin sirri. Ki tambayi kanki game da mafarkinki. Sau nawa kika yi mafarkin kina gidan da kika baro shekara ashirin, ko kina magana da wanda ya daɗe da rasuwa, ko kina aikata abin da ko a ranki ba ki taɓa kawowa ba? Ƙwaƙwalwa tana tara duk abin da ta taɓa ji, sunan ɗan ajinku na firamare, zagin da kika ji a tasha, fim ɗin da aka kalla jiya, kuma maganin nan yana hautsina su ne ya fito da su ba tsari. Gaskiya da shirme a cakuɗe suke fitowa, babu mai iya tace su, har shi mai maganar. Gina hukunci a kan wannan zato ne, kuma an gargaɗe mu game da zato.

Akwai wuri guda da zan yi togaciya. Idan ƙaramin yaro ko yarinya ta ambaci wani abu da ke nuna ana cutar da ita, kada ki yi shela, kada ki tuhumi kowa, amma kuma kada ki share. Ki bari ta warware sarai, kwana ɗaya ko biyu, ki zauna da ita ku biyu cikin lumana ki tambaye ta yadda take, ba tare da kin sa mata magana a baki ba. Abin da ta faɗa tana cikin hankalinta shi ne abin dubawa.

Ke da kike gefen gado

Hausawa na cewa barci ƙanin mutuwa. Malamai sun so mai wankan gawa ya zama amintacce, wanda zai rufe duk aibin da ya gani a jikin mamaci, alhali mamacin ba zai sake shiga cikin mutane ya ji kunya ba. Ina ga wanda zai farka bayan rabin awa ya koma gida ya ci gaba da zama da ku, ya haɗu da ku a biki da suna?

Amma dubi abin da ke faruwa. Kafin majinyaciya ta iso gida labari ya riga ta. Facala ta kira ƙawarta, ƙanwar miji ta ba uwarsu labari ana ta sheƙa dariya, kishiya ta samu makami. Yanzu ma abin ya wuce baki, domin waya na hannun kowa. Wani zai ɗauki ƙaninsa yana sambatu ya tura a WhatsApp na dangi, daga nan ya faɗa TikTok, ya ce ai wasa ne. Wanda aka ɗauka bai ba da izini ba, ba ya ma cikin halin da zai iya bayarwa. Magana zarar bunu ce, bidiyo kuwa ya fi ta, domin shekara goma yana nan, ranar da yarinyar za ta yi aure wani zai iya tono shi.

Don haka aikinki a gefen gado aiki ne babba. Ki ja labule. Ki lura da zaninta da ɗankwalinta, duk inda aiki bai shafa ba ki rufe, domin larura gwargwadonta ake buɗe mata. Ki rage 'yan kallo, mutum ɗaya ya isa, kuma ya zama wanda ita da kanta za ta zaɓa da tana ido biyu. Idan ta fara farfaɗowa kada ki yi ta jijjiga ta kina kiran sunanta da ƙarfi, hayaniya da haske mai yawa na ƙara firgita mai fitowa daga ketamin. Ki riƙe hannunta, ki yi magana a hankali, ki gaya mata an gama, tana asibiti, komai lafiya, ki riƙa ambaton Allah ƙasa-ƙasa. Kada ki ba ta ruwa ko abinci sai ma'aikata sun ce, saboda amai kan biyo baya. Idan ta farka ta tambaye ki, "Me na ce?" ba sai kin yi ƙarya ba, ki ce mata magani ne ya sa ta 'yan surutai kamar kowa, kuma sun tsaya a nan. Sannan ki tabbata sun tsaya ɗin. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Su ma ma'aikatan mutane ne

Mukan ga likita da nas a emajensi fuska a ɗaure mu ce ba su da tausayi. Da za ki san abin da ke ransu a waɗannan mintoci da kin yi musu uzuri. Ƙa'idar aikin ita ce mutum ɗaya yana gyaran ƙashin, wani daban kuma ba shi da aiki sai kallon majinyaci: ƙirji na ɗagawa? Launin leɓe bai sauya ba? 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai auna iskar oksijin a jini, me take nunawa? Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, idan lambar ta fara gangarowa ƙasa da 90 to hankalin kowa ya tashi. Maƙogwaro na iya shaƙewa, amai na iya komawa huhu, numfashi na iya tsayawa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma wanda ya tura maganin ya san idan ya faru shi za a tambaya, duniya da lahira. Yana wannan tunani ne ga wasu majinyata na jira a ƙasa, ga dangi goma sun cika ƙofa, wani lokacin ga wuta ta ɗauke. Idan suka ce ku fita, sau da yawa fili suke nema da sirrin mai ciwon.

Suna kuma shan nasu rabon. Majinyaci mai fisge-fisge yakan mare su, ya zage su, ya yi musu amai a jiki, gobe ya gaishe su bai san an yi ba. Sannan wasu daga cikin magungunan nan, irin furofofol da midazolam, an san suna sa mafarkin da ya shafi sha'awa, wanda mai shi zai farka ya rantse da gaske ya faru. A gefe guda kuma, wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya kare kansa daga marar tsoron Allah. Maganin matsalolin biyu ɗaya ne, kada a bar namiji shi kaɗai da mace a bayan labule tana cikin allura. A samu nas mace ko 'yar uwa a wajen. Wannan tsari ne da aikin likita ya sani, addininmu ma ya riga ya hana keɓancewa. Idan kin nemi haka ba ki zargi kowa ba, kin kare majinyaciya kin kuma kare likitan.

Ga 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya da ke karanta wannan mujalla kuwa, amanarku ta fi tamu nauyi, domin mu sau ɗaya muke gani, ku kullum ne. Dariya na iya kuɓuce wa kowa, wannan ɗan Adam ne. Amma ɗaukar sambatun wance a kai ɗakin hutu, ko a kai gida a ba maigida labari da suna da unguwa, cin amana ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, kuma kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya sake jaddada haka. Ku kuma tuna cewa ba kowane mai rufe ido ne ba ya ji. Akwai waɗanda allurar ba ta yi musu nisa ba, suna jin abin da ake faɗa a kansu, su kuma tuna. Maganar da aka yi a kan ƙibar mace ko dattin ƙafarta tana iya bin ta har gida.

Kafin a tura maganin

Tunda mutum zai miƙa hankalinsa ne ga wasu, haƙƙinsa ne ya san abin da zai miƙa wuya gare shi. Ita dai wannan doka ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki da maganin da za a yi masa, da harshen da yake fahimta. Don haka ki yi tambaya da Hausarki, ba ƙauyanci ba ne: wane magani za a ba ni? Zan ji zafi? Wa zai tsaya a kaina? Minti biyu na bayani yana rage tsoro ƙwarai, kuma wanda ya shiga allura da kwanciyar hankali ya fi samun fitowa da sauƙi. Shi ya sa wasu ma'aikata kan ce wa yaro ya zaɓi abin da yake so ya yi mafarkinsa kafin su tura.

Su ma suna da haƙƙin gaskiya a kanki. Ki faɗi yaushe kika ci abinci da abin da kika ci. Ki faɗa idan kina da ciki ko kina zaton akwai, idan kina da hawan jini, asma, ciwon zuciya ko farfaɗiya, idan wata allura ta taɓa ba ki matsala, da duk wani jiƙo ko maganin gargajiya da kika sha. Idan akwai baƙin lalle ko jan farce a yatsunki ki nuna musu, yana iya rikita na'urar yatsa su nemi wani wurin. Sai abin da ya fi wuyar faɗa. Tun kafin gwamnati ta hana shigowa da kuma haɗa maganin tari mai kodin a 2018 mun san wannan annoba ta shiga har ɗakunan matan aure. Wadda ta saba da kodin ko tiramol ko ƙwayoyin barci, jikinta ba ya karɓar allura kamar na sauran mutane, haɗuwarsu kuma na iya danne numfashi. Ki nemi a fitar da kowa ki raɗa wa likita. Kunyar minti ɗaya ta fi a yi makokinki.

Akwai kuma zancen izinin maigida. Sau da yawa mace na kwance tana murƙususu an tsaya ana neman layinsa, yana kasuwa ko yana hanyar Legas. Ƙashin da ya goce yana ƙara wuyar komawa idan aka daɗe, wani lokacin ma yana danne jijiyar jini. Shawarata ita ce ku yi wannan magana tun kuna lafiya, wata rana bayan an ci tuwon dare. Ku yarda cewa idan gaggawa ta taso gare ki ko ga yara, a yi abin da likita ya ga ya dace, a sanar da shi daga baya. Ki kuma gaya masa wadda kike so ta tsaya a kanki idan hakan ta faru, shi ma ki tambaye shi nasa. Bayan an sallamo ku, a ba jiki kwana guda: ba tuƙi, ba girki a kan wuta, ba goyon jariri, ba sa hannu a wata takarda ko yanke wata muhimmiyar shawara, kuma a samu babba ya kwana kusa.

'Yar uwa, yau ke ce a tsaye da mayafinki da hankalinki, wata na kwance tana faɗin abin da ba ta sani ba. Babu wadda ta san ranar da za a juya, kishiyar nan ko facalar nan ta zama ita ce ke riƙe da gefen zaninki. Ki yi mata abin da kike so ta yi miki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu kula da su da alheri, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.